Kafin A Sayi Fenti: Yadda Ya Kamata A Tsara Gyaran Makarantun Gwamnati

A watan Yunin 2024 ne Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. A jawabin da ya yi, ya fito fili ya faɗi abin da duk mai ɗa a makarantar gwamnati ya daɗe da sani, wato miliyoyin yara a jihar a ƙasa suke zama su ɗauki darasi, cikin azuzuwan da suka daɗe da lalacewa. Kasafin kuɗin da ya biyo baya ya ware wa ilimi kusan kashi ɗaya cikin uku. Kano ce ta faɗa da babbar murya, amma daga Sakkwato har Maiduguri labarin ɗaya ne.

Yanzu dai ana gyara, ana kuma kashe kuɗi. Gwamnatocin jihohi na yi, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, na yi, Bankin Duniya ya sa hannu, 'yan majalisa na kawo ayyukan mazaɓu, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai na tara nasu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne, idan kuɗin ya iso makaranta me za a fara yi da shi, wa kuma zai yanke wannan shawarar. Duk mai shiga makarantunmu ya taɓa ganin doguwar ƙofa mai sheƙi da sabon fenti a bangon da ke fuskantar titi, alhali ajin da ke baya yana yoyo, ɗaruruwan yara kuma suna rububin masai biyu. Sau da yawa ma ba wanda ya ci ko sisi a irin wannan aiki. An dai yi shi ne ba tare da an zauna an jera buƙatu ba, kuma yara ne ke biyan diyyar wannan rashin tsari.

Gadon da aka tarar

Yana da kyau a san irin gine-ginen da ake maganar gyarawa. Gidan Ɗan Hausa da ke Nassarawar Kano, unguwar da Hanns Vischer ya buɗe makarantarsa a 1909, da tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, duk ginin ƙasa ne, kuma har yau suna tsaye domin an ci gaba da yi musu yaɓe. Amma yawancin azuzuwan da muke gani a garuruwa da ƙauyuka ba su kai wannan shekarun ba. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan shirin UPE ne, na ilimin firamare ga kowa, wanda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar a watan Satumban 1976. Yaran da suka fito a lokacin sun zarce lissafin da aka yi, don haka aka gina azuzuwa cikin gaggawa. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, gyara ne ya fara tsayawa.

Obasanjon ya dawo a farar hula ya ƙaddamar da shirin UBE na ilimin bai-ɗaya a Sakkwato a 1999, aka kafa dokarsa a 2004. An ƙara gina azuzuwa, amma haihuwa da ƙaura zuwa birane sun fi ginin sauri. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A unguwannin Kano, Kaduna ko Zariya masu cunkoso, ba abin mamaki ba ne ka leƙa aji ka tarar da yara sun haura ɗari. Ginin da aka yi don yara arba'in yana ɗaukar ninki biyu da rabi, ga shekaru, ga rashin kulawa. Dole daɓe ya fashe, ƙyaure ya cire, masai ya cika.

Hanyoyin da kuɗin ke bi

Dokar UBE ta tanadi aƙalla kashi biyu cikin ɗari na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga ilimin bai-ɗaya. Babban kaso daga ciki tallafin gine-gine ne, amma jiha ba ta iya taɓa shi sai ta ajiye daidai abin da tarayya ta ba ta, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, wato SUBEB, kuma ta gabatar da jadawalin ayyuka. Shekara da shekaru UBEC na kukan cewa biliyoyin naira na kwance a asusu saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba.

Sai shirin AGILE na ilimin 'yan mata a matakin sakandare, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500. Ya fara da jihohi bakwai, wato Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato, kafin a ƙara masa dala miliyan 700 a 2023 domin shigo da wasu jihohin. Abin lura a wannan shiri shi ne, wani ɓangare na kuɗin gyara kai tsaye yake shiga asusun kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, da sharaɗin kwamitin ya rubuta tsarin abin da zai yi. Tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta kafa irin wannan kwamiti, mai ɗauke da hedimasta, wakilin malamai, wakilan ɗalibai, mai unguwa ko dagaci, limami, wakilan mata, masu sana'ar hannu da tsofaffin ɗalibai. Shirin ESSPIN da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2008 zuwa 2017 ya horar da irin waɗannan kwamitoci a Kano, Kaduna da Jigawa kan rubuta tsarin bunƙasa makaranta.

Ke nan doka da manufa sun riga sun ba mutanen unguwa kujera a wurin yanke shawara. Inda kwamitin yake raye, aiki kan yi ma'ana. Inda kuwa sunaye ne kawai a takarda, sai dai hedimasta ya wayi gari ya ga tifa na juye yashi a filin ƙwallon yara, ɗan kwangila ya ce daga sama aka turo shi ya gina aji biyu.

A fara da zagaye

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Matakin farko na kowane tsari shi ne kwamitin ya ware rana guda ya zagaya makarantar da ƙafa, da littafi da biro, ba tare da an share ko'ina don zuwan baƙi ba.

A irin wannan zagaye ne amfanin masu sana'a a kwamiti ke fitowa. Hedimasta na gaba da tarin makullai, mai unguwa na biye. Birkila ya tsaya a jikin bango ya kankare filasta, ya soka ƙusa a bulo. Idan yashi ya zubo kamar gari, ya san siminti bai ji ba. Ya bi tsagar da ke bangon da ido, ya gane ko ta filasta ce kawai, ko kuwa ta taso ne daga fandisho ta miƙe har linta. Kafinta ya taka benci ya cusa kai ta ramin silin, ya ƙwanƙwasa katako, ya ji ko gara ta cinye cikinsa ta bar ɓawo. Wakiliyar mata kuma ta ja manyan 'yan mata gefe, ta tambaye su abin da ba za su taɓa faɗa a gaban maza ba: ina suke zuwa idan suka matsu, wane lungu suke tsoron bi, me ke sa wasunsu fashin kwanaki a kowane wata.

A rubuta komai da lamba. Yara nawa ne a rajista, nawa ke zuwa a zahiri, maza nawa, mata nawa. Aji nawa ke aiki, nawa aka rufe. Benci nawa ke da lafiya, nawa ke jibge a sito da ƙusa biyu za su tayar da su. Ramin masai nawa ke amfani. Daga ina ake samun ruwa, kuma minti nawa yaro ke ɓatawa kafin ya je ya dawo. Sannan a sake zagayen sau ɗaya ranar da aka tafka ruwan sama, domin a rani ba a sanin inda ruwa ke kwanciya, da inda yake cin gindin gini.

Bayan nan sai a zauna a jera. Abin da zai iya hallaka rai shi ne na farko, kamar bango mai tsaga, rufin da ke lilo, rijiya a buɗe, wayar lantarki a zube, ko makaranta a bakin titi ba shinge. Na biyu shi ne abin da ke korar yara daga makaranta, musamman rashin ruwa da makewayi. Na uku abin da ke sauƙaƙa karatu, wato wurin zama, allo, haske da iska. Ado shi ne na ƙarshe. Kowane aiki a rubuta ƙiyasin kuɗinsa, da wanda zai ɗauki nauyi, da watan da za a yi shi. Takarda mai shafi uku ko huɗu ta isa. Ranar da ɗan majalisa ko wani attajirin unguwa ya zo da niyyar alheri, ita za a miƙa masa a ce ga na ɗaya, ga na biyu.

Fili da iyakarsa

Makarantu da yawa an kafa su ne lokacin da suke bayan gari, a gonar da dagaci ko wani bawan Allah ya bayar da baki. Gari ya girma ya kewaye su. Tsofaffin da suka san inda iyaka take sun kwanta dama. Daga nan sai a ga wani ya ja katangarsa ta shigo da taku uku, wani ya buɗe hanya ta tsakiyar fili, wasu sun mai da kusurwa juji, a birane kuma a yanka gaban makaranta a jera shaguna. Abin da ya fi komai araha, ya kuma fi komai daɗewa, shi ne a kawo safiyo ya auna filin, a kafa duwatsun iyaka a gaban shaidu, a bi takardar mallaka ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. A zana taswirar filin ko da a kwali ne, a nuna inda azuzuwan gaba za su zauna nan da shekara goma, inda filin wasa yake, inda ruwa da makewayi za su kasance. Rashin wannan zane ne ke sa kowane mai taimako ya dasa gininsa inda ya ga dama, har a wayi gari babu wurin yin taron safe.

Maganar katanga ta sauya nauyi tun daren 14 ga Afrilun 2014 da aka sace 'yan mata 276 a Chibok. Ƙanƙara ta biyo baya a Disambar 2020, inda aka kwashe yara fiye da 300, sai Jangebe a Fabrairun 2021 da 'yan mata 279, sai Kuriga a Maris ɗin 2024. Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta 2015, har Abuja ta karɓi baƙuncin taron duniya a kanta a 2021. Gaskiya ɗaya ce, katangar bulo ba ta tare mai bindiga, wannan aikin hukuma ne da jami'an tsaro. Amma tana tare ɗan acaɓa mai ratse, da dabbobi, da 'yan shaye-shayen da ke mai da azuzuwa maɓoya da dare, tana kuma sa a san wanda ya shigo. Sai dai a yi ta da hankali: ƙofa biyu aƙalla, domin ranar gobara ko firgici yara su sami mafita, da mai gadi wanda ake biya. Inda kuɗin bulo bai samu ba, shingen waya da dashen itatuwa masu ƙaya ya fi jiran shekara biyar.

Rufi da ƙarfin gini

A ranar 12 ga Yulin 2024 benen wata makaranta mai zaman kanta ya rufta a unguwar Busa Buji ta Jos ana tsakiyar darasi, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai. A Jamhuriyar Nijar kuwa, inda ƙarancin azuzuwa ya sa ake kafa rumfunan zana, gobara ta kashe ƙananan yara kimanin 20 a Yamai a Afrilun 2021, ta sake kashe fiye da 20 a Maraɗi a Nuwamban wannan shekarar. Waɗannan musibu ne suka sa lafiyar gini take kan gaba a jerin. Ajin da injiniya ko gogaggen magini ya ce ba shi da aminci, a rufe shi a ranar. Gara a yi darasi a gindin bishiya.

Abin da ya fi yawan lalata makarantun Arewa shi ne guguwar farkon damina. Ta kan zo tsakanin Afrilu da Yuni, ta shiga ta tagar da ba ta da murfi, ta tura rufi daga ciki, ta ɗaga kwano da katako gaba ɗaya. Idan rufi ya tafi a Mayu ba a mayar ba, ruwan Agusta zai jiƙa bango, ya ruɓar da silin, ya fasa daɓe, aikin da kwano 'yan bandur kaɗan zai gama ya koma sabon gini. Maganin sananne ne ga kowane kafinta na kirki. A ɗaure katakon rufi da rodi ko ƙarfen ɗauri a jikin linta, kada a ɗora shi kawai a kan bulo. A shafa wa katako maganin gara kafin a ɗora. A sa kwano mai kauri da isassun ƙusoshi. A gyara tagogi, a kuma riƙa rufe su bayan an tashi. A zuba kankare a kewayen gindin gini, a fitar da magudana, domin ruwan da ke zubowa daga kwano kada ya riƙa tona fandisho.

Duk ginin da za a taɓa, a tuna da yaron da ke tafiya da keken guragu ko sanda. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su samar da hanyar shiga. Wa'adin ya wuce. Gangara a bakin baranda da ƙofa mai faɗi ba su da tsada idan tun farko aka sa su a zane.

Ruwa da makewayi

A nan ne ake rasa 'yan mata ba tare da kowa ya rubuta dalili ba. Yaro namiji zai zagaya bayan katanga. Budurwar da ta fara al'ada ba za ta iya ba. Sai ta nemi izinin zuwa gida ba ta dawo ba, gobe ta yi fashi, wata rana mahaifinta ya ce ta zauna. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar ga makarantu ita ce masai ɗaya ga 'yan mata 25, masai ɗaya da wurin fitsari ga yara maza 50, da lita biyar ta ruwa ga kowane mutum a rana a makarantar jeka-ka-dawo. Kwamiti ya ɗauki rajista ya yi lissafin da kansa, zai ga tazarar da ke tsakani.

Wurin da aka kafa makewayin ma abin dubawa ne. Na mata daban, ƙofarsa ba ta kallon na maza, da sakata daga ciki, da ruwa a kusa. Kada a jefa shi can ƙarshen fili cikin ciyawa inda yarinya ke tsoron zuwa ita kaɗai. Ramin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya, ya kuma kasance ta gangare. Masai mai bututun iska, wanda aka rufe bakinsa da raga, yana rage wari da ƙuda, kuma ba ya buƙatar ruwa mai yawa. Sau da yawa an gina banɗakin zamani mai tayil a makarantar da ba ta da famfo, cikin mako biyu ya toshe, aka garƙame shi da kwaɗo. Jigawa, wadda a 2022 ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili, ta nuna cewa gini kaɗai bai isa ba sai an haɗa da masu unguwanni, limamai da mata.

Rijiyar burtsatse kuwa, a yi gwajin ƙasa kafin a haƙa, a kuma haƙa ta a ƙarshen rani lokacin da ruwa ya yi ƙasa sosai, domin wadda aka haƙa da damina kan yaudari mutane ta ƙafe a Maris. Famfon tuƙa-tuƙa yana da arahar gyara. Mai sola da tanki ya fi sauƙi ga yara, amma yana buƙatar tsaro daga ɓarayi. Tun ranar farko a yanke yadda maƙwabta za su ɗebi ruwa, domin za su zo. Hanya mai kyau ita ce a fitar musu da famfo ɗaya ta wajen katanga, su riƙa ba da ɗan abin da za a tara don gyara.

Inuwa da filin wasa

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40 a yawancin garuruwan Arewa. Ajin kwano marar silin, cike da yara, daga ƙarfe goma sha ɗaya babu sauran karatu a cikinsa. Lokacin ne kuma na sanƙarau, wanda cunkoso da rashin iska ke taimaka wa yaɗuwa. Sabon gini ya kamata a miƙe tsawonsa daga gabas zuwa yamma, tagogi su kalli kudu da arewa suna fuskantar juna, baranda ta kare bango daga rana.

Maƙwabtanmu sun gwada wannan a aikace. A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Diébédo Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da tubalin ƙasa da hannun mutanen garinsu. Ya ɗaga kwanon rufin sama da silin ya bar sarari tsakani, iska na ratsawa tana kwashe zafi. Aikin ya ci kyautar Aga Khan a 2004, shi kuma a 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi girma a fannin zanen gine-gine. A garin Dandaji na jihar Tawa a Nijar, ƙasar Hausa tsantsa, Mariam Issoufou Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da tubalin ƙasa da aka matse, tare da maginan yankin. Ilimin gini mai sanyi yana nan a hannun maginanmu, masu ba da kwangila ne ba sa nemansa.

Bishiya ita ce gyaran da ba ya jiran Abuja. Darbejiya, wadda ta shigo Najeriya ta Borno a ƙarshen shekarun 1920, tana jure fari, tana saurin ba da inuwa. A jera ta ta gabas, inda guguwa ke fitowa, amma a ba ta tazara daga gini saboda saiwa da reshe. A ƙara da maɗaci, mangwaro, tsamiya, da zogale a lambun makaranta. A dasa a Yuli lokacin da ƙasa ta sha ruwa, a kewaye kowane dashe da tubali ko ƙaya saboda awaki, a damƙa wa kowane aji nasa ya riƙa bai wa ruwa a ranin farko. Filin wasa kuma a ɗauke shi a matsayin aji. A cike ramuka, a tsince kwalabe da ƙusoshi, a bar wa maza wurin ƙwallo da langa, a ware wa mata inuwar da za su yi 'yar gala-gala ba tare da ƙwallo ta faɗo musu ba.

Lokacin aiki da sa ido

Kowane aiki da lokacinsa. Gyaran rufi da tagogi a gama shi a hutun Afrilu, kafin hadari ya fara haɗuwa. Daɓe, allo, benci da fentin ciki su jira dogon hutu, lokacin da azuzuwa babu kowa. Haƙar rami da fandisho aikin rani ne. Idan dole sai an yi aiki yara na makaranta, a killace wurin, a rufe duk ramin da aka tona.

Ko da kwangilar daga sama ta zo, kwamiti na da haƙƙin ganin takardar da ta fayyace aikin: aji nawa, wane irin kwano, buhun siminti nawa. A naɗa mutum biyu masu ido a kan gini su riƙa leƙawa kullum, su ga ana ba bulo ruwa, su ga rodin da aka sa kafin a rufe shi da kankare. Kada hedimasta ya sa hannu a takardar kammala aiki sai kwamiti ya zagaya ya gamsu. Tun 2019 hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ke bin diddigin ayyukan mazaɓu, kuma ƙorafin da aka rubuta da kwanan wata da hotuna ya fi guna-guni a majalisar unguwa tasiri. Idan kuɗin a hannun kwamiti yake, to shi ma ya yi abin da yake nema a wajen wasu. Ya liƙa lissafin shige da fice a bangon ofis, ya karanta shi a taron iyaye, ya ajiye rasit.

Bayan an yanke ƙyalle

Ranar buɗe sabon gini kowa na zuwa. Abin da ke raba makarantar da ta ɗore da wadda ta koma kango cikin shekara biyar shi ne ƙananan ayyukan da ke biyo baya: sakatar da ta cire, kwano ɗaya da ya ɗaga, robar famfo da ta cinye, bencin da ƙafarsa ta yi sako-sako. Kowane tsari ya kamata ya ware wani kaso na gyaran yau da kullum, ya ambaci sunan malamin da ke riƙe da littafin ɓarna, ya tsayar da ranar aikin gayya sau ɗaya a kowane zango. A yi yarjejeniya a rubuce da masu aron azuzuwa, ko Islamiyyar yamma ce, ko masu biki, ko masu zaɓe, cewa wanda ya ɓata shi zai gyara.

Wannan duka bai sauke wa gwamnati nauyinta ba. Iyayen da ke fama da abincin yau ba za su gina aji goma ba, kuma bai kamata a fake da kwamiti a riƙa tatsar su ba. Biyan kason jiha a UBEC, ɗaukar malamai, gina azuzuwa da tsaron rayuka duk haƙƙi ne a wuyan hukuma. Amma kwamitin da ke riƙe da ƙididdiga da taswira da jerin buƙatu ya fi ƙarfin magana a gaban sakataren ilimi da shugaban SUBEB fiye da wanda ya zo da koke kawai. Saboda haka duk uba, duk uwa, duk tsohon ɗalibin da ke karanta wannan, ya je makarantar unguwarsu a wannan zangon ya tambayi hedimasta su wane ne 'yan kwamiti, yaushe suka yi zama na ƙarshe, ina kuma takardar tsarinsu. Idan babu, a sa ranar zagaye kafin a rufe makaranta.